Darasin Matafiyi: Daga Legas Zuwa Akra Ta Mota

Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da war haka. Darasinmu na yau na mai shirin zuwa Gana ne ta mota, ko fatauci ko ziyara.

Mu fara da takardu, don a nan aka fi shan wuya. Ɗan Najeriya ba ya buƙatar biza, yarjejeniyar ECOWAS ta ba ka zaman kwana 90. Amma ka riƙe fasfo mai rai, da katin rigakafin shawara, wannan mai ruwan ɗorawa. Don Allah ɗan'uwa, je ka a yi maka allurar da gaske, kwana 10 kafin tafiya. Kada ka sayi katin bogi a tasha, lafiyarka ce.

Boda uku za ka tsallake. Seme, ka faɗa Benin, ka ratsa Kwatano. Sai Hilakonji, ka shiga Togo. Ta ƙarshe Aflawo, wadda take manne da birnin Lome, ka shiga Gana. A kowace a buga maka hatimin fita da na shiga, ka duba da idonka kafin ka mayar aljihu. Benin da Togo sefa suke ci, Gana kuma sidi. Canza kaɗan a boda, na ruwa da abinci. Af, kana shiga Togo ka mayar da agogonka baya da awa ɗaya.

To, ka sauka Akra, wadda dattawanmu ke kira Ankara. Hau tiro-tiro, wato bas ɗin haya, ka ce Nima, unguwar zango ta masu jin Hausa. Wallahi nan hankalinka zai kwanta. Da asuba ga mai koko da ƙosai a bakin titi, can ga mai "wace", wato shinkafa da wake, tana zubawa a ganye, ta ɗora shito, miyar barkono, da dafaffen ƙwai. Da Hausa za ka yi ciniki. In ka ji an ce da mace "ya zo", kada ka yi dariya, haka Hausar zango take, kuma tun zamanin fataken goro na Gwanja take a ƙasar. Ranar Juma'a ka nufi babban masallacin ƙasa a Kanda.

In da hali ka ƙarasa Elmina, gidan da Turawan Fotugal suka gina a 1482, inda daga baya aka riƙa tsare bayi kafin a loda su a jirgi. Ɗakunan duhu ne, iska da ƙyar.

Teku kuwa, kalle shi daga gaɓa. Igiyar ruwan nan tana jan mutum ciki, ko da ya iya iyo a kogi.