Fitilar Birki Ta Kama a Motar Gida: Daga Ina Za a Fara Dubawa?

Assalamu alaikum, jama'a. Maganarmu ta yau a kan motar gida ce, wato motar nan mai ɗaki a baya, da gado da madafa da banɗaki, da kuma fitilun birki da ke kamawa a dashbod ɗinta. Abu biyu ne suka bambanta ta da ƙaramar mota. Na farko nauyi: ƙananan cikinsu ma sukan kai kilo 3,500 idan an cika tankin ruwa an loda kaya. Na biyu zama: takan yi watanni a ajiye ba ta motsa ba. Yawancin matsalolin da za mu faɗa daga waɗannan biyun suke tasowa.

Ku fara da launi. Idan an murza makulli duk fitilun sukan kama na 'yan daƙiƙu su mutu, motar ce take gwada kanta. Wadda ba ta kama ba sam a wannan lokacin ita ma matsala ce, domin ranar da ake buƙatarta ba za ta yi magana ba. Ja, mai da'ira da alamar motsin rai a ciki, ko mai rubutun BRAKE a motocin Amurka, tana nufin a tsaya yanzu. Rawaya mai rubutun ABS tana nufin birki yana nan, amma na'urar da ke hana taya kullewa ta daina aiki. Akwai ta uku, rawaya, da'ira mai ɗige-ɗigen baka a gefe biyu, irin ta Fiat Ducato da Mercedes Sprinter: takalmin birki ya cinye. Idan ja da ABS suka kama tare, to rabon ƙarfin birki tsakanin gaba da baya yana iya lalacewa, tayoyin baya su riga kullewa. Wannan ba motar tuƙawa ba ce.

Ja za mu daɗe a kanta. Ku sami wuri mai lebur, ku sa wa taya waigi, sannan ku ja hambirki ku sake shi sau biyu ko uku. A ƙasan sandar akwai ɗan makunni mai waya ɗaya. Aikinsa ya haɗa wayar da jikin mota idan an ja sandar. In ya maƙale, ko wayar ta goge tana taɓa ƙarfe, fitila za ta zauna a kunne alhali birki lafiya lau. Ku zare wayar daga makunnin. Ta mutu? Kun samo mai laifi.

In ba ta mutu ba, sai gwangwanin man birki. Ku goge murfin kafin ku buɗe, kada ƙura ta faɗa ciki, ku duba layin MIN da MAX. Akwai wata alama da nake so ku riƙe: fitilar da ke ƙiftawa lokacin shan kwana, ko taka birki, ko hawan tudu, kusan kullum mai ne ya yi ƙasa yana tangaɗi, ɗan abin da ke yawo a samansa yana sauka yana hawa. To a nan ne mutane ke kuskure. Sai su zuba mai, fitila ta mutu, su kama hanya. Man birki ba ya ƙonewa kamar man inji. In ya ragu, ina ya tafi? Ko dai takalman sun cinye, fistin da ke matse su ya ƙara fitowa mai ya bi bayansa, ko kuma yana yoyo. In takalma ne, ku leƙa ta cikin taya da tocila. Abin da ya rage in ya kai milimita 3 ko ƙasa, a canza, kuma na taya biyu tare. Kada a cika gwangwanin har baki kafin canjin, domin idan aka tura fistin baya man zai yi ambaliya, shi kuwa cin fenti yake yi.

In yoyo ne, ku bi sawunsa. Cikin kowace taya, tiyon roba da ke lanƙwasa da sitiyari, da fayif ɗin ƙarfe da ke bin jikin shasi har baya, musamman inda aka ɗaure shi, nan tsatsa ke fara ci. Ku duba bayan masta, wato famfon da ke tura man birki zuwa tayoyi, inda ta haɗu da tukunyar ƙarin ƙarfi, wadda ke taimaka wa ƙafa danna birki. In fentin wurin ya kumbura, mai yana zuba cikin tukunyar ne, shi ya sa ba ku ga komai a ƙasa ba. A wasu motocin masu giyar hannu, kuloci da birki gwangwani ɗaya suke sha, saboda haka a duba kulocin ma.

Sannan gwajin ƙafa. Inji a kashe, ku taka birki sau huɗu ko biyar har ya yi tauri, ku danne shi daƙiƙa 30. In yana nutsewa a hankali kuma babu yoyo a waje, robobin cikin masta sun gaji. In yana da laushi, kuma ya ƙara tauri idan an maimaita takawa, iska ce ta shiga. Ku tada inji ƙafa na kai: ya kamata ya ɗan sauka. In bai sauka ba, ƙarin ƙarfin ba ya aiki. Wasu manyan motocin daga famfon sitiyari suke samun wannan ƙarfi, don haka bel ɗin famfon da mansa su ma sun shiga lissafi. Mai ya cika, ƙafa lafiya, fitila na nan? Ku zare soket ɗin da ke jikin gwangwanin. A yawancin motoci in ta mutu, ɗan abin yawon ne ya maƙale a ƙasa.

Wani daga baya yana tambaya wane mai za a zuba. Malam, abin da aka rubuta a murfin. DOT 3 da DOT 4 da DOT 5.1 danginsu ɗaya, amma DOT 5 na silikon ne, ba a haɗa shi da su. Man inji ko na sitiyari kuwa ko ɗigo ya shiga, robobi za su kumbura. Kuma man nan yana shan danshi ko mota tana tafiya ko tana ajiye. Sabon DOT 4 ba ya tafasa ƙasa da digiri 230 a ma'aunin Celsius, amma in ya sha ruwa yana iya saukowa wajen 155. A doguwar gangara da mota mai nauyi, nan ne ƙafa za ta tafi ƙasa, kuma babu fitilar da za ta yi muku gargaɗi. Shi ya sa ake canza shi duk shekara biyu, kuma ake sauka gangara da ƙaramar giya.

Fitilar ABS kuma, kafin ku sayi komai ku auna batirin inji, ba na ɗakin baya ba. Lafiyayye yana ba da kusan bolt 12.6 a kashe, wajen 14 in inji na aiki. Batir mai rauni bayan dogon zama yakan kunna ta. Daga nan fis, sannan wayoyin sansa, wato na'urar da ke auna gudun kowace taya, waɗanda ɓeraye ke son gwaguya a motar da aka ajiye. Kan sansa yana da maganaɗisu, yana tara ɓurɓushin ƙarfe. A zare shi a goge, a duba zoben haƙoran da yake karantawa ko ya tsage. Na'urar karanta lambar matsala za ta faɗi tayar da abin ya shafa, amma ƙananan na'urori da yawa na inji kawai suke gani, sai a nemi mai shiga ABS.

Masu manyan motocin dizal masu birkin iska, naku daban ne. Kwamfuresa, wato injin da ke cika tankunan iska, yakan tsaya idan ƙarfin iskar ya kai tsakanin psi 120 da 140, fitila da ƙararrawa su kama a wajen 60. In kun ji ta kuna tafe, ku sauka gefe nan take, domin tsakanin 45 da 20 birkin sifirin zai kama da kansa duk inda kuke. Gwajinsa: ku cika iska, ku kashe inji, waigi a taya, ku saki birkin ajiya, ku danne ƙafa minti ɗaya. Bayan faɗuwar farko, allura kada ta sauka fiye da psi 3. In ta wuce haka, ku shafa ruwan sabulu a mahaɗan tiyo ku nemi kumfa. Ku kuma buɗe magudanar ƙasan kowane tanki. In ruwa ko mai ya fito da yawa, matatar busar da iska ta isa canji.