Mutum Na Biyu: Abin Da Ya Tayar Da Richmond A Ƙwallon Ostireliya

[Hoto: filin MCG na birnin Melbourne daga sama, maƙil da jama'a]

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa.

Tun da guntayen bidiyon ƙwallon Ostireliya suka fara yawo a wayoyi, tambaya ɗaya ke ta dawo mana. Mutum ya duba alƙaluman wasa, ya ga ƙungiyar da yake so ta fi abokiyar karawarta yawan damƙe 'yan wasa da kai su ƙasa, amma ita aka lallasa. Can kuma koci ya zauna gaban 'yan jarida ya ce yaransa ba su matsa lamba ba. To yaya ke nan? Wanda ya fi kowa kayar da mutane, shi za a ce bai matsa ba?

Kocin yana da gaskiya. Ku ba ni 'yan mintuna ku ga dalili.

Dokokin tukuna, a gurguje. Mutum 18 kowane ɓangare, a fili mai faɗin gaske. Wannan da kuke gani tsawonsa ya kai kimanin mita 160. Sanduna huɗu a kowane ƙarshe. Ka buga ƙwallo da ƙafa ta shige tsakanin dogayen biyu na tsakiya, maki 6. Ta bi ta gefe, maki 1. Ba a jifa da hannu, sai dai ka ɗora ta a tafi ka nausa. Kana gudu da ita, dole ka buga ta da ƙasa duk mita 15. Ana iya damƙe mai ƙwallo daga kafaɗa zuwa gwiwa. Babu satar gida. Shi ke nan, sauran za ku tsinta a hanya.

Amma akwai doka ɗaya da nake so ku riƙe da kyau, don a kanta komai ya rataya.

[Hoto a hankali: ɗan wasa ya yi tsalle ya cafe ƙwallo]

Idan aka buga ƙwallo da ƙafa, ta yi tafiyar mita 15 ko fiye, babu wanda ya taɓa ta, wani ya cafe ta kafin ta sauka ƙasa, alƙalin wasa zai busa usur. Daga wannan lokacin babu mai ikon taɓa shi. Zai ja da baya, ya numfasa, ya ɗaga kai ya zaɓi wanda zai ba. Shi ma wancan in ya cafe, haka. Ku duba: bugu, cafewa. Bugu, cafewa. Bugu, cafewa. Sun keta filin nan daga wannan kai zuwa wancan, kuma abokan karawa ba su samu damar ɗora wa kowa ko yatsa ba.

Saboda haka duk aikin tsaro a wasan nan shi ne a hana wannan bugun fita da kyau. Idan mai bugu ya yi sauri ba shiri, ko ya buga da ƙafar da bai saba ba, ko ya ɗaga ta sama don tsoro, ƙwallo za ta faɗi ƙasa ko ta tsaya a iska har masu tsaro su taru. Da ta faɗi ƙasa ta zama ta kowa.

Yanzu ga amsar tambayarku. Wa ke damƙe mutane? Wanda ƙwallo ba ta hannunsa. Ƙungiyar da ta yini tana bin bayan ƙwallo ba mamaki ta tara damƙa da yawa, don ita ce kullum ta biyu wajen isa. Adadin na iya nuna ƙoƙari, yana kuma iya nuna makara. Kuma sau da yawa damƙar tana zuwa ne a lokacin da mai ƙwallo ya riga ya ga wanda zai ba, ya sake ta da naushi yana faɗuwa. An kai shi ƙasa, 'yan kallo sun yi shewa, ƙwallo kuwa ta yi gaba.

Kamfanin Champion Data, wanda ke tattara wa AFL, hukumar babbar gasar wasan, alƙaluma, ya raba matsi gida huɗu, kowanne da nauyinsa. Taɓa jikin mai ƙwallo yana bugu, maki 3.75. Tunkaro shi gaba da gaba a guje, 2.25. Bin sa ta baya, 1.5. Tare masa hanya ba tare da an kai gare shi ba, 1.2. Ku lura, uku daga cikin huɗun nan babu taɓa jiki a ciki.

Na ƙarshen nan, mai ƙaramin maki, shi na fi so ku kalla.

[A tsayar da hoto. A zagaye ɗan wasan da ke tsaye da hannuwa a buɗe]

Ga shi nan. Bai yi kan mai ƙwallo ba. Ya tsaya tsakaninsa da tsakiyar fili, hannuwa a ware, yana tura shi wajen layi. Duk wanda ya taɓa kama akuyar da ta tsinke ya san abin nan: wanda ya bi ta a guje wahala kawai zai sha, sai wani ya tare ƙofa, wani ya tare lungu, sannan a kama ta. Mai tarewar nan ya rage wa mai ƙwallo zaɓi daga uku zuwa ɗaya. Kuma abokinsa da ke baya ya san wane ɗayan ne.

To nan ne wurin da ƙungiyoyi masu rauni ke karyewa, kuma nan ne ido ba ya kaiwa, don kamara tana bin ƙwallo ne.

A mayar da hoton baya kaɗan. Mutum na farko ya taho a guje. Madalla. Mai ƙwallo ya firgita, zai nausa wa na kusa da shi. Tambaya ita ce, ina mutum na biyu? Idan ya riga ya bar wanda yake tsaro ya taho kan mai karɓa, to mai karɓar zai karɓa ne da mutum a wuyansa. Shi ma ya jefar da ita cikin gaggawa. Na uku ya iso. A karo na uku ko na huɗu ƙwallo ta suɓuce, ko a kama mutum da ita a hannu alƙali ya ba da bugun laifi. Idan kuwa na biyun ya yi jinkirin taku biyu kacal, yana tunanin "in na bar nawa wa zai rufe mini?", to gudun na farko ya tashi a banza. Ya ma fi banza muni, don yanzu an wuce shi, kuma abokan karawa sun fi su yawa a gaba.

Ku yi tunanin ɗan wasan farkon nan. Ya yi gudun mita talatin, an wuce shi. Ya sake, an wuce shi. A zagaye na uku cikin zagaye huɗu na wasan, ƙafafu sun yi nauyi, ana bin su maki ashirin. Zai sake? Yawanci ba zai sake ba. Zai taho da rabin gudu, don a gan shi ya zo. Ni ban kira wannan lalaci ba. Yaro ne da ya gane cewa babu mai biyo bayansa. Masu kallon ƙwallon ƙafa sun san wannan a Liverpool ta zamanin Klopp: in mutum ɗaya ya ƙi tashi, duk tarkon ya warware.

[Hoto: 'yan wasan Richmond suna fita daga fili, kawuna a sunkuye]

Ga misali na gaske. Richmond, ƙungiyar rawaya da baƙi ta birnin Melbourne. A lokacin da muke magana, rabonta da kofi tun 1980. A 2013, 2014 da 2015 ta kai wasannin ƙarshe na neman kofi, kowace shekara aka fitar da ita a karon farko. A 2016 abin ya rushe: nasara 8, rashin nasara 14, ta ƙare ta 13. Wasan rufe kaka Sydney ta doke ta da tazarar maki 113. Magoya baya suka harzuƙa, wasu suka yunƙura su kifar da shugabannin ƙungiyar, kowa na cewa a kori koci Damien Hardwick. Shugabar ƙungiyar Peggy O'Neal da babban jami'inta Brendon Gale suka ƙi. Suka bar shi, suka canza mataimakansa.

Abin da Hardwick ya yi a fili ya saɓa wa al'ada. An saba a sa dogaye biyu ko uku a gaba, masu cafe ƙwallo a sama. Shi ya bar Jack Riewoldt kusan shi kaɗai, ya kewaye shi da ƙananan yara masu ɗan karen gudu: Daniel Rioli, Dan Butler, Jason Castagna. Butler da Castagna ba 'yan wasan da aka yi rububinsu ba ne lokacin ɗaukar sababbi. Aikin Riewoldt, in bai cafe ba, ya tabbatar ƙwallo ta faɗo ƙasa. Aikin yaran, kada ta fita daga yankin nan cikin sauƙi.

Ku kalli wannan. Mai tsaron baya ya ɗauki ƙwallo, ya ɗaga kai, Rioli na kansa. Ya nausa gefe, Butler ya iso. Na ukun bai ma duba ba, ya dai narka ta sama don ya rabu da ita. Wa ke jiranta a tsakiya? Alex Rance da abokansa masu tsaron bayan Richmond, sun riga sun matso. Ta dawo. A sake.

Wasan ba shi da kyan gani kullum. Sukan doki ƙwallo gaba ta kowace hanya, da ƙafa, da tafi, da gwiwa. Ni dai ina son sa haka, don wasa ne da ke ba ɗan wasa mai matsakaicin gwaninta hanyar zama mai amfani.

Sai batun zuciyar cin nasara, wanda ake yawan faɗa kamar wani abu ne da ake haifar mutum da shi. Richmond ba ta da wannan a 2016, kuma yawancin mutanen nan su ne dai a 2017. Me ya canza?

Kafin a fara kaka, suka ɓullo da wani zama. Ɗan wasa ya tashi gaban 'yan uwansa ya faɗi abu uku: wahalar da ya sha a rayuwa, abin farin cikin da ba ya mantawa, da mutumin da yake ɗauka gwarzonsa. Brandon Ellis ya ba da labarin tasowarsa a gidajen gwamnati na marasa ƙarfi da kunyar da ya riƙa ji. Kyaftin Trent Cotchin da shi kansa Hardwick suka daina nuna cewa ba su da rauni. Wani zai ce me ya haɗa wannan da ƙwallo? Ku tuna mutum na biyu. Abin da ke sa shi barin wanda yake tsaro shi ne yarda cewa wani zai rufe masa, kuma in abin ya ɓaci ba za a tsire shi a gaban jama'a a zaman bitar wasa ranar Litinin ba. Masu horarwa kuma suka riƙa nuna wa 'yan wasa hotunan gudun da babu lada a cikinsa, wanda ya tare hanya, wanda ya bi mutum har ya ɓata masa bugu, suna yabawa a gaban kowa.

An gwada wannan yardar da wuri. Sun ci wasa biyar na farko, sai Adelaide ta casa su da maki 76. Sannan suka sha kashi uku a jere da tazarar maki 5, 2 da 3. A wanda Fremantle ta ci su ma, bayan an busa tashi ne ɗan wasanta David Mundy ya buga ta shiga. Tsohuwar Richmond a nan take watsewa. Wannan ba ta canza salo ba. Ta ƙare kaka ta 3, a wasannin neman kofi ta doke Geelong da 51, ta doke GWS ta yammacin Sydney da 36.

[Hoto: wasan ƙarshe, 30 ga Satumba 2017]

Mutum 100,021 a MCG. Adelaide ce, ƙungiyar da ta fi kowa zura maki a shekarar, kuma ita ta fara cin biyu. Daga zagaye na biyu ku daina kallon ƙwallo, ku kalli fuskokin masu tsaron bayan Adelaide. Kowa ya karɓa yana waige. Mutanen da suka shafe shekara suna bugu a tsanake sun koma bugun kawar da kai. Wani lokacin ma babu kowa kusa da su, tsoron sawun da suka saba ji ne kawai. An tashi 108 da 60.

Dustin Martin ne gwarzon wasa, kuma ya cancanta. Wanda ya biyo shi a ƙuri'u Bachar Houli ne, Musulmi ɗan asalin Labanan, wanda ya sha buga wasa a watan azumi. Ga kuma Jack Graham, ɗan shekara 19, wasansa na biyar ke nan a manyan, aka ɗora shi kan Rory Sloane ya hana shi sakat, ya kuma zura uku. Suka ƙara kofi a 2019 da 2020.

Salon nan yana cin ƙafafu, kuma ba ya gadon kansa. Hardwick ya ajiye aiki a 2023, manyan suka tsufa ko suka tafi, a 2024 Richmond ta ci wasa 2 kacal ta ƙare a ƙasan tebur. Yanzu yara ne sababbi ke koyon abin daga farko.

Don haka in za ku kalli wasansu, ko na wasu masu fama irin North Melbourne da West Coast, ku bari sai zagaye na uku, lokacin da ake bin su maki. Ku ɗauke ido daga mai ƙwallo da wanda ya tunkare shi. Ku nemi na kusa da su a gefen allo, ku ga ko ya riga ya tashi kafin ƙwallo ta bar hannu.

Sai mun haɗu a bidiyo na gaba. Mu kwana lafiya.