Sharhi: Abin da Hannu Ya Fi Kusa da Shi

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum.

Da wuya a samu uwargida a Kaduna da ba ta taɓa jin cewa yawan gishiri na kawo hawan jini ba. An faɗa a asibiti, mu ma mun sha faɗa. To amma ku leƙa madafi da la'asar. Miyar kuka na tafasa, hannu ya shiga leda, ya murmushe dunƙule huɗu ko biyar, sannan a bi da gishiri. Hannun ya riga ya saba, ba ya tsayawa shawara.

Wannan ne abin da masana halayyar ɗan Adam suka daɗe suna nazari a kai. Richard Thaler, Ba'amurken da ya ci kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2017, ya nuna cewa mutum yakan ɗauki abin da ya fi sauƙi da kusa, ko da ya san wanda ya fi amfani.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin babban mutum ya kai giram 5 a rana, wato bai cika ƙaramin cokali ɗaya ba, kuma dunƙule kansa gishiri ne ya fi yawa a cikinsa. Don haka, uwargida, ki ware naki tun kafin ki ɗora tukunya, ki kai ledar ɗaki. Ki rage guda ɗaya, ki ƙara daddawa da cittar Kachia. Cikin 'yan makonni harshen maigida zai saba.

Haka abin yake ga sukari: a 2022 aka fara karɓar harajin naira 10 a kan kowace litar lemon kwalba. A ganina, da mai shago zai sa ruwa daidai ido a firij, ya mayar da lemo can ƙasa, da an fi ganin canji.



Roƙona ga masu sayar da abinci a Kawo da Kasuwar Barci: ku riƙa zuba kwaɗon zogale ko rama a gefen faranti ba sai an tambaya ba. Wanda ba ya so, shi zai ce a cire.