Lacca: Yadda ake ƙara ko rage maganin tayirod ga wanda nasa ya yi sanyi

Assalamu alaikum warahmatullahi wabarakatuh. Jama'a barkanmu da wannan lokaci, kuma na gode da kuka daure kuka zauna. Maganar da zan yi yau a kan maganin da ake bai wa mutumin da tayirod ɗinsa ya yi sanyi ne, wato ƙululun nan da ke gaban wuya ƙasa da maƙogwaro ya daina fitar da sinadarinsa yadda ya kamata, da kuma yadda likita yake ƙara maganin ko ya rage shi. Abin da ya fi damuna a wannan ciwon gaggawa ce, mara lafiya yana gaggawa, 'yan uwansa suna gaggawa, wani lokacin har ma'aikacin lafiyar ma yana gaggawa, alhali maganin nan a hankali yake tafiya.

To da farko me ke jawo ciwon? Inda abinci ba shi da isasshen ayodin, ƙarancin ayodin ne babban dalili. Inda kuma ayodin ya wadata, mafi yawa garkuwar jikin mutum ce da kanta take cinye ƙululun a hankali, shi ne ciwon da wani likita ɗan Japan Hakaru Hashimoto ya yi bayaninsa a 1912, har yau da sunansa ake kiransa. Sai wanda aka yi wa tiyata aka cire masa ƙululun, ko aka ƙone shi da magani saboda da can ya yi yawan aiki. Alamomin kun san su, gajiya mara dalili, yawan jin sanyi, jiki ya yi nauyi, fata ta bushe, gashi ya riƙa zuba, taurin bayan gida, mace al'adarta ta rikice. A 1891 wani likita a Ingila George Murray ruwan tayirod ɗin tumaki ya yi wa mara lafiyarsa allura da shi kuma ta samu sauƙi, yanzu kam Alhamdulillahi ƙwaya ce 'yar ƙarama sau ɗaya a rana, wadda za ku ga an rubuta Levothyroxine a jikin kwalinta.

Yanzu ku ba ni hankalinku nan, domin nan ne mutane suke ruɗewa. Gwajin jinin da muke dubawa sunansa TSH, kuma sinadarin da yake aunawa ba daga wuya yake fitowa ba, daga wani ƙululu ne a ƙasan ƙwaƙwalwa da ake kira fituwitari. Ku ɗauka fituwitari shugaban aiki ne, tayirod kuma lebura. In lebura yana aikinsa shugaba magana yake a hankali, in lebura ya kasa sai shugaba ya ɗaga murya. TSH ita ce muryar. Shi ya sa in ka ga TSH ta hau sama, ma'anarta sinadarin tayirod ya yi kaɗan a jikinka, ana buƙatar ƙari. In ta faɗi ƙasa sosai, maganin ya yi yawa, ana buƙatar ragi. Mutane da dama suna fahimtar abin a juye, mutum ya karɓo takardarsa ya ga lamba ta yi sama sai ya ce ai maganin ya yi min yawa, ya rage da kansa, kun ga ya ƙara wa kansa ciwo kenan. A yawancin ɗakunan gwaji abin da ake ɗauka daidai yana tsakanin 0.4 zuwa wajen 4.0, amma kowane ɗakin gwaji yana rubuta nasa a gefen sakamakon, shi za a duba.

Da nawa ake farawa? Babba mai ƙarfinsa wanda ba shi da ciwon zuciya kuma ƙululun nasa ya kwanta gaba ɗaya, lissafin shi ne wajen maikurogiram 1.6 a kan kowane kilo na nauyinsa, maikurogiram ɗin nan shi ne ma'aunin da ake rubuta ƙarfin ƙwayar da shi a jikin kwali. Mace mai kilo 70 in ka buga zai ba ka 112, to sai a fara mata da 100 ko abin da ya yi kusa da haka. Amma dattijo ko wanda zuciyarsa take da matsala ba a yi masa wannan lissafin, da 25 ake fara masa, wani ma da rabin haka, a riƙa hawa kaɗan kaɗan, saboda sinadarin nan yana zaburar da zuciya, in ka ɗora wa tsohuwar zuciya cikakken magani rana ɗaya za ka iya jawo mata ciwon ƙirji ko bugun da ya rikice.

To sai jira, kuma jiran nan shi ne zuciyar laccar tawa. Ƙwayar da ka sha yau sai bayan kusan kwana 7 rabinta yake barin jininka, saboda haka in aka canza maka adadi sai an yi makonni kafin ya zauna daram a jini, ita ma fituwitari sai ta ɗauki lokaci kafin ta sauke murya. Shi ya sa ake cewa ka dawo gwaji bayan mako 6 zuwa 8. Gwajin da aka yi bayan kwana 10 da canji ɓarnar jini ce da kuɗi, sakamakon zai nuna kamar maganin bai isa ba, sai a ƙara, bayan wata biyu kuma a ga ya yi yawa a rage, haka mutum zai yi ta lilo shekara guda bai daidaita ba. Kuma in za a canza ba a tsalle, 12.5 ko 25 ake ƙarawa ko a rage, a sake jira. In an samu adadin da ya zauna, TSH ta shiga layi, gwaji sau ɗaya a shekara ya isa, sai dai in wani abu ya canza a jikin mutum.

Amma kafin in ƙara wa kowa magani akwai tambayar da nake fara yi, yaya kake shan sa? Ku ɗauka wata baiwar Allah ta zo da takarda TSH ɗinta 9, tana kan 100, tana cewa likita a ƙara min. Sai ka ce Hajiya faɗa min yadda kike yi da safe. Ta ce ai ba na mantawa wallahi, duk magungunana a gwangwani ɗaya suke, in na zauna karin kumallo sai in juye su a tafin hannu, na tayirod da jar ƙwayar ƙarin jini da farar ƙwayar ƙarfin ƙashi, in kora da kofi mai madara. To kun ga matsalar a tafin hannun nan take. Ƙwayar ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe da ta kalsiyam suna kama maganin a hanji su hana shi shiga jini, haka maganin gyambon ciki irin farin ruwan nan mai kauri, dole a raba su da shi da awa 4. Kofi da madara da waken suya su ma suna rage shigarsa. Wannan matar a takarda 100 take sha, amma abin da ke isa jininta bai kai haka ba. In aka gyara mata yadda take sha kawai, aka jira mako 6, sau da yawa lambar da kanta take saukowa ba tare da an ƙara ko ɗigo ba. Ƙa'idar ita ce ciki babu komai, da ruwa zalla, a jira minti 30 zuwa awa ɗaya kafin a ci abinci. Wanda safiya take masa wahala zai iya mayar da shi lokacin kwanciya barci, muddin an yi awa 3 ko fiye da cin abincin dare, abin da ake so dai a tsaya a kan tsari ɗaya kullum.

Akwai kuma magungunan da ke sa a buƙaci ƙari ko da ana sha daidai, irin Omeprazole mai rage ruwan tsamin ciki, da Rifampicin na tarin fuka, da Carbamazepine da Phenytoin na farfaɗiya, da ƙwayoyin mata masu sinadarin estirojin. Dan Allah duk wanda aka ɗora shi a kan ɗayan waɗannan ko aka sauke shi, ya faɗa wa likitan da ke duba masa tayirod. Haka in nauyinka ya ƙaru sosai ko ya ragu sosai, ko aka canza maka kamfanin maganin, a sake gwaji bayan mako 6.

Mata masu ciki, wannan taku ce kuma ina roƙonku ku riƙe ta da kyau. A watanni ukun farko jariri da sinadarin uwarsa ya dogara wajen ginin ƙwaƙwalwarsa, nasa ƙululun bai fara aiki ba tukun. Saboda haka buƙatar uwa tana hawa tun farkon ciki, yawanci da kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari, likitoci da yawa sukan ce ta ƙara ƙwaya biyu a mako da zarar ta tabbatar da cikin, sannan a riƙa gwaji duk mako 4 har zuwa tsakiyar ciki. Nan ne kawai ba a jira. Abin da ke ɗaga min hankali shi ne mace ta ga tana da ciki sai ta ajiye maganin wai kar ya taɓa jariri, alhali ajiyewar ce take cutar da shi, tana iya jawo ɓari ko haihuwa kafin lokaci. Bayan haihuwa sai ta koma adadinta na da, a yi gwaji bayan mako 6, kuma tana shayarwa tana shan abinta babu matsala.

Yawan maganin ma fa ciwo ne. Faɗuwar gaba, rawar hannu, zufa, rashin barci, ramewa, in ya daɗe a haka ƙashi ya yi ta zaizayewa musamman matar da ta daina al'ada, zuciya kuma ta shiga bugun da ba tsari wanda ke iya kai wa ga shanyewar ɓarin jiki. Saboda haka ne ma a tsofaffi ba ma matsa wa TSH sai ta sauko ƙasa, in ta ɗan fi ta matasa kaɗan ana barin ta. Masu shan sa don rage ƙiba kuwa alhali tayirod ɗinsu lafiya lau, su ji tsoron Allah a kan zuciyarsu, a Amurka har gargaɗi na musamman aka buga a takardar maganin cewa ba na rage ƙiba ba ne.

Na'am Malam, ina jin ka. Yana tambaya ne in mutum ya manta bai sha ba ya zai yi. In ka tuna a ranar ka sha, in sai washegari ka tuna, tunda maganin yana daɗewa a jini kwana ɗaya ba zai yi maka illa ba, ka ci gaba da tsarinka, amma in mantuwar ta yi yawa ka faɗa wa likita gaskiya kafin gwaji, kar a ƙara maka abin da ba ka buƙata.

Hajiya a baya tana cewa an ce mata TSH ɗinta daidai take amma har yanzu gajiya ba ta sake ta ba. Hajiya wannan kukan gaskiya ne kuma da yawa suna yin sa. Abu biyu zan ce miki. Fata da gashi da ƙarfin jiki sukan ɗauki watanni kafin su dawo ko bayan lambar ta gyaru. Na biyu, a duba miki ƙarancin jini da suga da bitamin B12, a tambayi barcinki da damuwar da ke ranki, domin duk suna kawo gajiya iri ɗaya. Kuma in kina shan ƙwayoyin gyaran gashi da farce masu Biotin, ki ajiye su aƙalla kwana 2 kafin a ɗebi jininki, suna rikita sakamakon gwajin. Ki zo da kwalayen duk abin da kike sha ranar da za ki ga likitanki, har da wanda kike ganin ba magani ba ne.