Mark Knopfler: Me Ya Sa Ya Rufe Dire Straits Tana Kan Ganiyarta?

A watan Oktoban 1992, a birnin Zaragoza na ƙasar Sifaniya, ƙungiyar kiɗan rok ta Dire Straits ta kammala rangadin da ta kwashe fiye da shekara tana yi. Kimanin mutum miliyan 7 ne suka sayi tikiti. Kuɗi na ta shigowa, filayen wasa na cika maƙil, amma jagoran ƙungiyar, Mark Knopfler, ya gaji tiɓis. A 1995 ya rufe ta, har yau kuma bai waiwaye ta ba.

To, masu kallo, wane ne wannan mutumin? A Glasgow aka haife shi a 1949, ya girma a yankin Newcastle, ƙasar masu haƙar kwal da maƙeran jiragen ruwa. Kafin a san shi da jita, ɗan jarida ne a Yorkshire Evening Post da ke Leeds. Daga nan ya karanci Turanci a jami'a, ya ɗan taɓa koyarwa. A 1977 ne shi da ƙanensa David, da John Illsley da Pick Withers, suka kafa Dire Straits a kudancin Landan.

Ku lura da waƙar da ta fara fito da su, "Sultans of Swing". Labari ne na wasu makaɗan jaz da ya gani suna ta kiɗa a wata mashaya da kusan babu kowa. Ashe ɗan jaridar bai tafi ko'ina ba, alƙalami kawai ya canza.

Sai ga kundin Brothers in Arms a 1985. Shi ne na farko da ya sayar da kwafi miliyan guda a faifan CD, jimillar cinikinsa kuma ta haura miliyan 30. Sun hau dandalin Live Aid, taron kiɗa na tara kuɗin agajin yunwa a Habasha, a Wembley, suka sake komawa can a 1988 don bikin cikar Nelson Mandela shekara 70, lokacin yana kurkuku.

A nan matsalar take. A filin da ya ɗauki dubun-dubatar mutane, abin da ke kaiwa kujerar ƙarshe shi ne ganga, ƙarar jita, da amshin da kowa ya haddace. Shi kuwa Knopfler muryarsa ƙasa-ƙasa ce, kusan magana yake yi, kuma da yatsunsa yake kaɗa tsirkiya, ba da 'yar robar da sauran makaɗa ke riƙewa ba. Hayaniya tana haɗiye irin wannan salon.

Da ya koma shi kaɗai, kundinsa na farko, Golden Heart na 1996, ya haɗa makaɗan gargajiya na ƙasar Ayalan da na birnin Nashville na Amurka. Daga baya John McCusker mai goge da Mike McGoldrick mai sarewa suka zama abokan tafiyarsa. Bai jefar da jitar lantarki ba, ya dai rage mata murya don a ji baiti. Kuma su wa ke cikin baitocin? Leburorin arewacin Ingila da rashin aiki ya kora Jamus a zamanin Firaminista Margaret Thatcher. Ɗan dambe Sonny Liston. Ray Kroc na kamfanin sayar da abinci na McDonald's, da bakinsa yana fahariyar yadda ya ƙwace kasuwa. Jeremiah Dixon, ɗan safiyon da shi da Charles Mason suka shata iyakar Pennsylvania da Maryland a Amurka. Har da direban babbar mota a Glasgow. Wanda ya san yadda Ɗan Maraya Jos ya ɗauki kuntigi ya yi wa karen mota waƙa, ba zai sha wahalar gane wannan ba.

Akwai masu ƙorafi, kuma ba ƙarya suke yi ba: wasu kundayen nasa na baya-bayan nan suna tafiya a hankali, suna kama da juna, kuma da wuya ka ji doguwar kaɗar jita irin ta dā. A ganina dai rubutunsa ya fi kaifi a wannan zangon, ko da cinikin bai kama ƙafar na 1985 ba.

Shi kansa bai nuna yana kewar tsohon suna ba. A 2018, da aka shigar da Dire Straits zauren karramawa na Rock and Roll Hall of Fame, bai ma halarta ba. A Janairun 2024 ya kai jitoci da kayan sauti sama da 120 gwanjo a Christie's ta Landan, aka sayar da su fiye da fam miliyan 8, kashi ɗaya cikin huɗu ya tafi ga ƙungiyoyin agaji. A Afrilun shekarar ya fitar da One Deep River, kundinsa na 10 shi kaɗai, yana da shekara 74.