Kafin mu tsaya wa yaranmu a bashin karatu

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe shugaba, iyayenmu, malamai, 'yan uwa maza da mata, sannunku da zuwa.

Yaranmu da suka shigo Amurka da bizar karatu ba a ba su bashin gwamnatin tarayya. Sai na banki, shi kuma banki yawanci sai an kawo mazaunin ƙasa ya tsaya wa yaro. Wa ake kira? Kawu ko gwaggo. Kunya da zumunci su hana mu musu, mu sa hannu.

Ina jin wasunmu na cewa in abin ya gagara, ai sai a je kotu a ayyana karayar arziki. Wannan maganar tana tayar mini da hankali. Bashin kati da kuɗin asibiti, kotu kan yafe su. Amma tun 2005 majalisar dokoki ta sa bashin karatu na bankuna cikin waɗanda ba sa faɗuwa haka nan. Sai mutum ya shigar da wata ƙara daban a cikin shari'ar, kuma yawancin kotuna suna bin ma'aunin shari'ar Brunner ta 1987: in ka biya ba za ka iya ci da iyalinka ba, ƙuncin zai daɗe, kuma ka riga ka yi iya ƙoƙarinka wajen biya. Duk ukun ake so, tabbatar da su kuwa jan aiki ne.

Ga inda ya fi shafarmu, iyayena. Ko alƙali ya yafe wa yaron, wanda ya tsaya masa yana nan ɗaure, banki kansa zai dawo. Babi na 13 na dokar karayar arziki, wanda ke ba mai bashi damar biya kaɗan-kaɗan, kan dakatar da masu bin bashi daga matsa wa mai tsayawar tsawon shekara 3 zuwa 5 na tsarin biya, amma kuɗin ruwa bai daina hawa ba.

Akwai ƙofa, ko da yake ƙarama ce. Kuɗin da aka ranta fiye da abin da makaranta ta ƙiyasta na karatun, ko na makarantar da ba ta cikin tsarin tallafin gwamnati, yana iya faɗuwa kamar kowane bashi. Hukuncin kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya a New York, a shari'ar Homaidan ta 2021, ya ƙarfafa wannan.

Don Allah duk wanda ya taɓa sa hannu, ya tono takardar yarjejeniyar a makon nan, ya kai wa lauya ya duba wane irin bashi ne, ya kuma tambayi bankin ko akwai sharaɗin cire sunansa bayan yaron ya yi watanni yana biya a kan kari.

Na gode. Wassalamu alaikum.