Manhajojin Lissafin Malalen Ruwan Sama: Yadda Ake Gano Girman Magudana Kafin a Gina Ta

Mu ɗauki misalin wani fili mai faɗin hekta 2. A da gona ce, yanzu kuwa an malala masa kwalta an mai da shi wurin ajiye motoci. Idan aka yi ruwa mai ƙarfin milimita 100 a awa, lokacin da yake gona ƙasa za ta shanye mafi yawansa, abin da zai malalo ba zai wuce lita 167 a kowane sakan ba. Da aka rufe shi da kwalta, ruwan da ke gangarowa ya kai lita 500 a sakan, wato ya ninka har sau uku, alhali ruwan da ya sauko daga sama bai ƙaru ko da ɗigo ba. Duk lambatun da za a gina a bakin wannan fili, da duk kwalbatin da za a binne a ƙarƙashin hanyar da ke gefensa, girmansu ya dogara ne a kan wannan adadi, kuma gano shi ne aikin manhajojin da za mu duba yau.

Lissafin da ya ba mu waɗannan alƙaluma tsoho ne ƙwarai. Injiniya Thomas Mulvaney na ƙasar Ailan ne ya bayyana tushensa a 1851, sannan Emil Kuichling ya yi amfani da shi a Amurka a 1889, kuma har yau injiniyoyi na kiransa hanyar Rational. Abubuwa uku ake ninkawa: faɗin wurin, ƙarfin ruwan, da kason ruwan da ke malala maimakon ya nutse. A misalinmu mun ɗauki kason 0.3 ga gona, wato kashi 30 cikin 100, da 0.9 ga kwalta. Wannan lissafi ba ya buƙatar komai fiye da shafin Excel, kuma a ganina duk wanda bai iya yinsa da hannu ba, bai kamata ya buɗe babbar manhaja ba tukuna. Sai dai yana da iyaka. An fi amincewa da shi a wuraren da ba su wuce kimanin hekta 80 ba, kuma abin da yake faɗa kawai shi ne ƙololuwar ruwan, wato mafi yawan da zai gangaro a sakan guda. Ba ya nuna jimillar ruwan da zai zo, balle lokacin da zai ɗauka kafin ya janye.

Wanda zai haƙa tafkin riƙe ruwa kuwa, jimillar yake buƙata. A nan ake komawa ga hanyar hukumar kula da ƙasar noma ta Amurka, wadda ta raba ƙasa gida huɗu, daga mai yashi mai shan ruwa zuwa laka mai riƙe shi, ta kuma ba kowane irin fili lamba mai ƙaruwa da yawan ruwan da ke malala a kansa, inda kwalta da rufin gida ke samun 98 cikin 100. An bayyana ta a takardar TR-55 ta 1975 da aka sabunta a 1986, kuma tana cikin hanyoyin da manhajar HEC-HMS ke amfani da su. Sashen injiniyoyin sojan Amurka ne ya samar da HEC-HMS, kyauta ake sauke ta, kuma ta fi dacewa da manyan yankuna masu rafuka da yawa.

Idan aikin na cikin gari ne, inda bututu ke haɗuwa da bututu a ƙarƙashin tituna, manhajar da ta cancanci a tsaya a kanta ita ce SWMM. Hukumar kare muhalli ta Amurka ce ta fitar da ita a 1971, an yi ta inganta ta tun daga lokacin, kyauta ce, kuma lambobin da aka gina ta da su a buɗe suke ga kowa. Injiniya yana zana yankin a allo, ya yanka shi ƙananan filaye, ya faɗa wa manhajar faɗin kowanne da gangarensa da kason da aka rufe da kankare, sannan ya haɗa su da ramukan shigar ruwa da bututu, kowane bututu da tsawonsa da faɗinsa da zurfinsa. A hoton da manhajar ke nunawa, shuɗin layi shi ne ruwa. Yayin da mintuna ke tafiya yana hawa a hankali, ya cika bututu na uku, ya fara komawa baya, har ya taso ta bakin ramin da ke sama ya fito kan titi. Wannan komawa baya ita ce abin da lissafin hannu ke kasa nunawa, domin shi yana duban kowane bututu ne shi kaɗai, ita kuwa SWMM tana ganin yadda cikar bututun ƙasa ke hana na sama zubar da nasa ruwan.

Akwai kuma HEC-RAS don koguna da taswirar ambaliya, da HY-8 don kwalbati, da na kuɗi irin su InfoDrainage da StormCAD da PCSWMM, waɗanda suka fi sauƙaƙa zane da rubuta rahoto.

Abin da ya fi damuna a wannan fanni shi ne bayanan da ake cusa wa manhajar, musamman na ruwan sama. Tashoshi da dama jimillar yini kawai suke rubutawa, alhali milimita 60 da suka sauka cikin yini guda ba su da haɗari kamar milimita 60 da suka zuba cikin rabin awa, wanda ƙarfinsa ya kai milimita 120 a awa. Tsare-tsare huɗu da ke cikin TR-55 na yadda ƙarfin ruwan sama ke rarrabuwa cikin yini an gina su ne daga bayanan Amurka, saboda haka wanda ya zaɓi ɗayansu don wata ƙasa ba tare da bincike ba, ya tsara magudanarsa ne da ruwan wasu. Haka nan idan aka ce an tsara magudana don ruwan shekara 10, ma'anarsa a kowace shekara akwai yiwuwar kashi 10 cikin 100 a samu irinsa, kuma yana iya zuwa shekara biyu a jere. Sannan manhaja tana ɗaukar bututun kankare a matsayin mai tsabta, da lambar gogayya ta Manning, wadda ke nuna kaushin cikin bututu, kusan 0.013, ba ta san rairayi da shara za su cike rabinsa ba sai an faɗa mata.

Saboda haka bayan an gudanar da lissafi a SWMM, a fara buɗe rahotonta a duba ko ruwan da ya shiga ya yi daidai da wanda ya fita da wanda ya rage a ciki. Littafin jagoranta ya yi gargaɗi cewa idan bambancin ya wuce kimanin kashi 10 cikin 100, sakamakon abin shakka ne. Daga nan a ɗauki ƙaramin fili guda, a lissafa shi da hannu kamar yadda muka yi wa hekta 2 ɗin nan, a kwatanta. Idan hannu ya ba da lita 500, kwamfuta ta ba da 50, to a koma a binciki ma'aunan da aka shigar, domin sau da yawa kuskuren yana can ne, inda aka rubuta inci a gurbin milimita, ko eka a gurbin hekta.